Babi na Shida: Taki Ɗaya Tsakanin Kuranga da Kuranga

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, tun daga Dogon Kirya da Matankari har zuwa Dumega da Tibiri, aka ga maigida ya shige gaba da sungumi yana sara, yara da mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, to, wanda bai san noma ba zai ɗauka tafiya ce kurum ake yi a cikin yashi, alhali kuwa kowane taki na mai saran nan hukunci ne ya yanke a kan abincin gidansa na shekara. Gama tazarar da ya bari tsakanin rami da rami ita ce za ta faɗi yawan ruwan da kowane gindin gero zai samu idan damina ta yi tsaiko a watan Yuli. Malaman gona na cibiyar INRAN sun daɗe suna horon manoma da su yi mita 1 tsakanin ramuka ta kowace fuska, wanda lissafinsa ke ba da rami 10,000 a hekta guda, sa'an nan a cire a bar tsiro uku a kowane rami. Dattawa da yawa kuwa sun saurara da ladabi, suka ce madalla, suka koma gonakinsu na jigawa suka ci gaba da sara da faɗin takinsu kamar yadda suka gada, wanda galibi rabin wancan adadi yake bayarwa ko ƙasa da haka.

Wannan adadi na 10,000 shi ne ya ja mu zuwa wata ƙasa mai nisa. A gabashin Faransa akwai lardin da ake kira Burgonyi, inda manoma ke dasa kurangar inabi mita 1 tsakanin layi da layi, mita 1 tsakanin gindi da gindi, watau gindi 10,000 a hekta, daidai da lissafin malaman gonarmu. Kuma dokar sana'arsu ba ta yarda a gaza 9,000 ba a gonakin da ke ɗauke da sunayen garuruwansu masu daraja. Abin da dattijon Arewa yake tsoro, su shi suke nema da gangan, kuma sai an san dalilin nasu kafin a ga cewa tsoron nasa yana da hujja.

Wajibi ne a faɗi tun da wuri cewa mutanen Burgonyi giya suke yi da inabinsu, kuma hukuncin giya a shari'a ba abin da ya ɓuya ga ɗan makarantar allo, balle almajirin da ya sauke Risala. Hasali ma malaman Malikiyya sun hana ko sayar da inabi ga wanda aka san matsawa zai yi ya bar shi ya zama hamru. Amma haramcin yana kan abin shan ne, itaciyar kuwa tana cikin ni'imomin da Alƙur'ani mai girma ya ambata a wurare da dama, har ya buga misali a Suratul Kahfi da gonaki biyu na inabi waɗanda aka kewaye da dabino. Garin Ɗa'ifa, wanda ke bisa duwatsu masu sanyi gabas da Makka, da inabi aka san shi tun zamanin jahiliyya, kuma a wata garkar inabi ta can ne bawan nan Addasu ya kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, nonon inabi a ranar da mutanen garin suka jefe shi. Fuƙaha'u sun sanya zakka a kan zabibi idan ya kai ausuƙi biyar, watau sa'i 300, suka halatta a ƙiyasta shi tun yana bisa itace kamar yadda ake yi wa dabino, suka kuma hana cinikinsa kafin alamar nuna ta bayyana, lokacin da ƙwayar ta fara laushi ta sauya launi. Masana na Andalus, irin su Ibn Bassal na Ɗulaiɗila a ƙarni na 11 da Ibnul Awwam na Ishbiliya mai Kitabul Filaha a ƙarshen ƙarni na 12, sun yi dogon bayani a kan dasa kuranga da yanke ta da aurar da ita. Ilimin kurangar, ashe, ba baƙo ba ne a ɗakin karatun Musulmi, kuma ba laifi mu duba yadda wasu suka kai shi matuƙa, ko da niyyarsu ba tamu ba ce.

Zuciyar lardin wani siririn gangare ne da ya miƙe daga birnin Dijon zuwa kudu, tafiyar kilomita 50 da wani abu, yana fuskantar gabas, don haka ranar safe ce ke fara dukansa ta busar da raɓa. Ƙasarsa dutsen farar ƙasa ce da tsakuwa da ɗan yumɓu, marar kauri, wadda ruwa ba ya kwana a cikinta. Matsakaicin zafin shekara a can wajen digiri 11 ne, abin da mutumin Dogon Dutsi zai kira tsananin ɗari ko da a tsakiyar Janairu ne. Kurangar tana zubar da ganye ta yi barci watanni, ba ta farkawa sai zafi ya kai wajen digiri 10, sa'an nan ta yi fure a watan Yuni, a ƙirga kwana 100 ko kusa da haka, a yanke a Satumba. Lokacin gajere ne, rana kuma ba ta da ƙarfi, saboda haka babbar mas'alar manomin can ita ce ko 'ya'yan za su nuna kafin ruwan kaka da sanyi su riske su.

Ruhubanawan Nasara ne suka fi kowa aikin wannan ƙasa a zamanin da. Waɗanda suka kafa gidan ibadarsu a Sito a shekarar 1098 sun shafe ƙarnuka suna lura da wace kusurwa ce ke nuna da wuri, wace ce ruwa ke tsayawa, har suka kewaye wata gona mai kusan hekta 50 da katangar dutse, wadda ake kira Clos de Vougeot, tana nan har yau a hannun masu mallaka wajen 80. A shekarar 1395 sarkin lardin, Filib, ya ba da umarni a tumɓuke wani irin inabi mai suna Gamay saboda yawan haihuwarsa, a bar Pinot mai 'ya'ya kaɗan. Sarki ya hana iri don ya cika yabanya! Mutumin da ya taɓa ganin rumbu wayam a watan Agusta zai ce wannan wauta ce ta masu ƙoshi, kuma ba zan ce ya yi kuskure duka ba. Sai dai sarkin ciniki yake tsarewa, domin ya gane cewa sunan ƙasarsa shi ne hajarsa. Daga wannan lura ta ɗaruruwan shekaru aka sami gonaki 1,247, kowace da sunanta da iyakarta, waɗanda hukumar UNESCO ta shigar cikin kayan tarihin duniya a 2015.

Hikimar cunkoson kuwa ga yadda take. Kurangar inabi itaciya ce mai haɗama, wadda in ta sami wuri da ruwa da taki za ta yi ta miƙa rassa da ganye, ta ɗauki 'ya'ya masu yawa masu ruwa-ruwa, waɗanda a ƙasa mai ƙarancin rana ba za su taɓa nuna sosai ba. Idan aka matse ta da maƙwabta ta kowane gefe a cikin ƙasa marar ƙarfi, saiwoyinsu suka shiga takara a kan ɗan abin da ke akwai, sai kowace ta tsaya ƙarama, ta rage ganye, ta mai da himmarta ga 'ya'ya. Manomi kuma ya ƙara mata da wuƙa: a lokacin sanyi ya yanke kusan duk abin da ta fitar bara, ya bar reshe guda mai 'yan idanu ya kwantar da shi bisa waya, ƙasa-ƙasa, inda tsakuwar da ta sha rana za ta riƙa mayar masa da ɗumi da dare. Gindi guda ba ya ɗaukar fiye da 'yan nonna, ƙwayoyin ƙanana, fatarsu da yawa bisa ga ruwansu, kuma a fatar ne launi da ƙanshi suke. A gonaki mafiya daraja doka ta tsayar da abin da za a matsa a wajen lita 3,500 a hekta, wanda in aka raba wa gindi 10,000 kowane bai kai rabin lita ba. Sanyin da ke jinkirta nuna shi ne kuma ke hana tsamin 'ya'yan gudu, sai zaƙi ya shigo sannu a hankali ya tarar da tsamin bai tafi ba, kuma wannan daidaito shi ne abin da masu saye ke biya da tsada.

Tsadar tana da tushe a cikin wahala. Gindi 10,000 na nufin yanka 10,000, ɗauri 10,000, duk a sunkuye, gama kurangar ba ta wuce ƙugun mutum ba. Tsohon ma'aunin gonarsu ma aikin yini ne, watau abin da mutum guda zai iya kaftawa daga safe zuwa maraice, murabba'in mita 428, kashi ɗaya cikin 24 na hekta. Kusancin da kurangar ke yi da ƙasa, wanda ke amfanarta da rani, shi ne halakarta a watan Afrilu, lokacin da iska mai daskarewa ke kwantawa a ƙasa da asuba ta ƙone sababbin tofo. A Afrilun 2021 manoman sun kwana suna kunna dubban gwangwanayen kakin wuta tsakanin layuka, duk da haka Faransa ta sami ɗaya daga cikin mafi ƙarancin amfanin inabi da ta gani cikin shekaru masu yawa.

To, amma kada a ɗauka mita ɗayan nan wahayi ne. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 ba a layi ake dasa inabin ba, a cakuɗe yake, domin in gindi ya tsufa sai a kwantar da reshensa a binne ya yi saiwa ya zama sabo, har hekta guda ta ɗauki ninki biyu na adadin yau ko fiye, ba mai shiga sai mutum da fartanya. Sa'an nan wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera ya shigo daga Amurka, aka fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa a 1863, masanin tsirrai Planchon ya gano shi a jikin saiwa a 1868, ya bi lardi lardi yana cinye gonaki har ya iso Burgonyi. Magani bai samu ba sai da aka koma aurar da inabin Turai bisa gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa, kamar yadda ake yi wa mangwaro aure a garakenmu. Da aka zo sake dashe, sai aka ja layuka da faɗin da doki zai ratsa da garma, kuma faɗin doki da garmarsa mita ɗaya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, maimakon a faɗaɗa layin don tarakta, sai aka ƙera tarakta mai dogayen ƙafafu da ke haye layin. Saboda haka ni a ganina rabin adadin nan hikima ce, rabi kuwa gadon doki ne da aka mayar doka. Mutanen Shampanyi ma, maƙwabtansu na arewa masu dasa wajen 8,000, sun kaɗa ƙuri'a a 2021 suka yarda a faɗaɗa layi fiye da mita 1.5 da aka san su da shi, bayan gardama mai zafi. Masu bincike kuma sun nuna cewa in aka cunkusa inabi a ƙasa mai ƙarfi da danshi, ba ya ƙanƙancewa, sai dai ganye ya rufe ganye, inuwa ta yi yawa, ruɓa ta shiga.

Sharaɗin da ke ƙarƙashin al'amarin duka shi ne ruwa. Dijon na samun wajen milimita 750 a shekara, a rarrabe cikin watanni goma sha biyu, ƙarƙashin rana mai sauƙi wadda ba ta shanye shi. Ƙasar Arewa na samun tsakanin 400 da 600, ya fi yawa ta wajen Tibiri ya ragu ta wajen Dogon Kirya, duk a cikin wata uku zuwa huɗu, sauran shekara kuwa rana da iskar hunturu na iya ɗauke fiye da milimita 2,000 daga buɗaɗɗen tafki. Kuma da zarar an bar ƙasashen sanyi aka gangara inda ruwa ya yi ƙaranci, sai a tarar manoman inabi da kansu sun koma mazhabar dattawanmu. A filin La Manca na tsakiyar Sifen, inda ruwan shekara ke tsakanin 300 da 400, suna barin mita biyu da rabi ta kowace fuska, gindi 1,600 ke nan a hekta, kowane a tsugune ba waya ba sanda. A tsibirin Lanzarote, wanda dutse mai aman wuta ya rufe da toka daga 1730 zuwa 1736, kowace kuranga ramin kanta ake haƙa mata mai faɗi, a gina mata 'yar katangar dutse mai siffar jinjirin wata ta tare iska, hekta ba ta ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwa. Wanda ya ga aikin tassa da rabin wata da manoman Illela suka rayar da fako da shi tun ƙarshen shekarun 1980 zai gane wannan aiki da kallo ɗaya.

Dattijon da ya ƙi mita ɗaya, ke nan, lissafi ya yi: ƙasarsa ta gaji, ba shi da taki, kuma bai san ko ruwa zai ɗauke kwana ashirin ba, don haka ya ba kowane gindi faɗin da zai ishe shi a mugunyar shekara, ya cike tsakani da wake. Malamin gona shi ma lissafi ya yi, amma nasa ya ginu bisa zaton akwai taki da iri mai saurin nuna irin su HKP. Binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore ya sulhunta su da ɗan abin da yatsu uku ke ɗauka, giram 6 na takin zamani a kowane rami, buhu guda da 'yan kai a hekta, wanda in an sa shi cunkoson ya biya, in ba a sa ba ya zama zangarniya ƙanana da kara siriri. A gindin gawo kuwa, inda ganye da kashin dabbobi suka taru, ko dattijon da kansa yakan matse sara ba tare da wani ya hore shi ba.

Inda cunkoso na haƙiƙa yake a Arewa shi ne cikin garka, a kwarin Dallol Mawri, tsohon kogin da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya sani, ya bar ruwansa kwance a ƙarƙashin yashi, a wurare da yawa kamu kaɗan. Tun bayan farin 1984, sa'ad da shugaban ƙasa Janar Seyni Kunce ya tsaya a kan noman rani, garake suka yawaita a gefen tafkuna da fadamu, daga Matankari da Kiyeshe zuwa Kore Mairuwa da Gesheme, rijiyar guga ta ba da wuri ga bututu da injin ban ruwa. A nan sanyi shi ne jarin, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Dankalin Turawa, wanda Dogon Dutsi ta yi suna da shi har ƙawancenta da garin Orsay na Faransa ya taimaka wajen iri da ɗakin ajiya, ba ya ɗaura 'ya'ya sosai in zafin dare ya haura digiri 20. Don haka sai a dasa shi a Nuwamba a haƙe a Fabrairu, kwana 90 zuwa 100, kusan adadin kwanakin inabin Burgonyi daga fure zuwa yanka. Wanda irinsa ya makara a hanya har Disamba ta raba, zafin Maris zai tarar da shi da ganye kore shar da 'ya'ya kamar ƙwan zabo. Masu albasa kuma sun san abin da ruhubanawan Sito suka sani, ba tare da sun ji labarinsu ba: in ka buɗa tazara ka cika taki da ruwa, za ka sami manyan kawuna masu cika buhu, waɗanda ke ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi, in ka matse dashe ka janye ruwa kafin cira, kawunan za su zo madaidaita masu tauri, su kai ka har damina.

Saura tambayar ko kurangar kanta za ta zauna a Dallol. Danginta na daji suna nan tare da mu, dafara da ɗoɗoriya, ita ma ta gida ba ta ƙi ƙasar Hausa ba. Ana samun ta a garaken Timiya cikin duwatsun Abzin, tare da lemo da rumman, inda tudu ke ba ta sanyin dare. Kuma a ƙasar Zazzau manoman Kudan da Hunkuyi sun mai da ita sana'a, suna kai inabin ci kasuwannin birane. Sai dai tarbiyyarta a ƙasar zafi kishiyar ta Burgonyi ce. Da yake ba ta samun sanyin da zai sa ta barci, ba ta daina tofo, sai manomi ya ƙirƙira mata shekara da wuƙa. Mutanen Nashik na ƙasar Indiya, waɗanda suka ƙware a wannan, suna yanka sau biyu: na Afrilu don ta gina sababbin rassa, na Oktoba don ta yi fure, suna shafa wa idanun magani don su farka tare, ta yadda 'ya'yan za su girma cikin sanyi da bushewar iska su nuna kafin zafi ya tsananta. Kuma maimakon a ƙasƙantar da ita kusa da ƙasa, inda yashin Afrilu zai dafa ta, ɗaga ta ake yi bisa rumfa sama da kan mutum, a bar ganyen ya yi wa 'ya'yan inuwa, a ba kowane gindi mita uku ko kusa, abin da bai kai sulusin adadin Burgonyi ba.

Wanda ya yi niyyar gwadawa a Arewa zai fara da ɗanɗana ruwan rijiyarsa, domin akwai wurare a kwarin da ƙasa ke fitar da kanwa da gishiri, kuranga kuwa ba ta jure su sosai. Zai yi shirin gara, wadda ke son busasshen itacen rumfa da gindin da aka yi wa rauni, gwamma ya kafa ginshiƙan ƙarfe ko na siminti tun farko ko da sun fi tsada. Zai haƙura shekara biyu zuwa uku yana ban ruwa kafin ya ga abin sayarwa, ya tanadi raga ko yara masu kora saboda tsuntsaye da jemagu, waɗanda a watan Fabrairu ba su da wani abu mai zaƙi a dajin sai nasa. Sa'an nan ya tuna cewa inabin ci ba ya jiran mai saye kamar albasa: daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kusan kilomita 270 ne bisa kwalta, zuwa Birnin Ƙonni bai kai haka ba, kuma abin da bai samu shiga mota ba a kwana biyu sai a shanya shi a inuwa ya zama zabibi.